Kurakuran da Ma'aurata Suka Fi Yi Idan Suka Koma Zama a Ƙasar Waje

Da wuya a samu mata da miji da dalili ɗaya ya kai su zama a wata ƙasa. Galibi ɗaya ne ya samu aiki ko gurbin karatu, ɗayan kuma ya biyo shi, kuma daga wannan bambanci ne yawancin kurakuran suke tsirowa. Wanda aiki ya kai yana da ofis da abokan aiki da dalilin sammako tun makon farko, amma wanda ya yi rakiya, mace ce ko namiji, yakan wayi gari a gida shiru, babu inda ake jiransa.

Kuskuren farko tun kafin a ɗaure kaya ake yin sa, wato a ɗauka cewa bizar rakiya ta ba mutum damar neman aiki. Kowace ƙasa da dokarta. A Amurka, mai bizar F-2, wato matar ɗalibi ko mijin ɗaliba, ba a yarje masa yin aiki ba ko kaɗan, mai bizar H-4 kuwa, wato matar ko mijin wanda ya je da bizar aiki, sai ya cika wasu sharuɗɗa sannan ya nemi izini na musamman. A Birtaniya, wanda ya raka ƙwararren ma'aikaci yana iya yin kusan kowane irin aiki, sai dai tun watan Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu, in ban da masu manyan digirori na bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Gyaran shi ne su biyun su zauna su karanta sharuɗɗan a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, kada su dogara da ji-ta-ji-ta, sannan su tsara kashe kuɗinsu bisa albashi ɗaya har sai na biyun ya tabbata. Yin aiki a ɓoye kuwa ganganci ne da ke iya jawo soke biza.

Kuskuren da ya fi wannan yawa, wanda kuma ake yi da kyakkyawar niyya, shi ne mutum ɗaya ya rungumi duk harkar takardu. Shi ya buɗe asusun banki, shi ya sa hannu a yarjejeniyar haya, lambar wayarsa ce a wurin likita da makarantar yara, yana ganin ya sauƙaƙa wa abokin zamansa ne. Sai ranar da ya yi tafiya yaro ya kwana da zazzaɓi, matar ta tsaya gaban ma'aikaciyar asibiti ana tambayarta katin inshora da cikakken adireshi, ta ciro waya tana kiran wanda ke cikin jirgi. Wannan ba gata ba ne, ɗaure mutum ne da igiya mai taushi. Ya kamata kowa ya mallaki asusu da sunansa, ya san inda fasfo da takardun haya da na inshora suke, ya kuma riƙe wa'adin da hukuma ta gindaya a kansa. A Jamus, alal misali, ana so sabon mazauni ya yi rajistar adireshinsa cikin mako biyu da tarewa, kuma lasisin tuƙin da aka zo da shi daga wajen Tarayyar Turai wata shida kawai yake yi, yayin da a Birtaniya yake yin wata 12.

Haka batun harshe. Mai aiki yakan ce turancin ofis ya ishe shi, mai zaman gida ya ce ai ba daɗewa za a yi ba, shekara uku ta wuce ba wanda ke iya karanta wasiƙar hukumar haraji. Jamus tana da kwas na sajewa da al'umma mai sa'o'i 600 na harshe da 100 na sanin ƙasa, Suwidin kuma tana koyar da baƙi harshenta kyauta a shirin SFI. Ajin harshe yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba, domin shi ne wuri na farko da mai rakiya zai samu tsayayyen lokacin fita, ya kuma samu mutanen da za su lura idan bai zo ba.

A ganina, kuskuren da ya fi cin aure shi ne kowa ya mai da ɗan'uwansa duniyarsa gaba ɗaya. Miji ya dawo da yamma a gajiye, ya yini yana magana da harshen da ba nasa ba, ba abin da yake so sai shiru. Matar kuwa ta tare shi a ƙofa tana cewa, "Maigida, tun safe ban buɗe baki na yi magana da kowa ba." Kowannensu yana da gaskiya, kuma idan ba a lura ba, shi zai ga ta cika ƙorafi, ita ta ga ya daina damuwa da ita. Mutum ɗaya ba zai iya zama miji da aboki da maƙwabci da dangi a lokaci guda ba. Maganin shi ne kowa ya samu abin yi a waje da ya keɓanta da shi, ko aikin sa-kai ne, ko wurin ibada, ko ɗakin karatu na unguwa, kuma a tsayar masa da rana a mako. Mai aikin shi ma ya daina ƙin gayyatar abokan aiki da sunan tausayin wanda ke gida, ya riƙa zuwa da shi inda hakan ya dace.

Zama da 'yan ƙasarku yana rage kewa, ba laifi ba ne, amma wanda ya tsaya a nan kaɗai zai ji labarin ƙasar ne daga bakin waɗanda su ma baƙi ne. Wajen sabawa da 'yan gari kuma a guji faɗa wa mutane gida ba sanarwa, domin a yawancin ƙasashen arewacin Turai ziyara sai an sa rana, wani lokaci mako biyu kafin ta, kuma wannan ba alamar ƙiyayya ba ce.

Ayyukan gida da kuɗin da ake aika wa dangi su ma suna buƙatar magana a fili tun da wuri, tunda babu mai taya shara ko reno, kuma abin da aka tura a ɓoye wata rana sai ya bayyana a takardar banki.

Akwai kuma hunturu, wanda mutane da yawa suke rainawa. A Landan rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, kuma kasala da saurin fushin da ke biyo baya ana yawan ɗora su a kan aure alhali duhu ne da zaman ɗaki. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar shan maikirogiram 10 na sinadarin bitamin D kullum a lokacin kaka da hunturu, masu duhun fata kuma duk shekara. A ƙara da fita tattaki da tsakar rana ko da na rabin sa'a ne, idan kuma ƙuncin ya zarce makonni yana hana barci ko cin abinci, a je a ga likita tare.