Yadda ake gane ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, da yadda ake shan maganinsa

Na daɗe ina karanta takardun gwajin jini, kuma mutumin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda zai zo ya ce ya yi wata shida yana shan maganin ƙarin jini, ba a taɓa auna masa komai ba. Gajiya ce ta dame shi, wani ya buɗe fatar idonsa ya ce ai ba shi da jini, shi ke nan ya kama shan ƙwaya. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma a ɓata watanni ana ɗura wa jiki abin da bai nema ba, ainihin cutar kuma tana can tana cin gaba. Shi ya sa nake so in bi da kai hanyar da ni nake bi, daga takardar gwaji har zuwa ranar da za a ajiye maganin.

Fara da sanin wannan, domin duk sauran bayanin a kansa ya tsaya. Jikin babban mutum yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 na sinadarin ƙarfe, kusan kashi biyu cikin uku a cikin himogulobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwar kwana 120 ko kusa da haka. In sun tsufa, wasu ƙwayoyin halitta a saifa da hanta su haɗiye su, su cire ƙarfen, su mayar wa ɓargo ya sake ƙera sababbi. Miligiram 20 zuwa 25 ke juyawa ta wannan hanya kullum. Abin da ke shigowa daga abinci miligiram 1 zuwa 2 ne kacal, daidai da abin da ke zubewa ta fata da hanji. Jiki ba shi da wata ƙofa da yake buɗewa ya fitar da ƙarfen da ya yi masa yawa. Ƙoda ba ta wanke shi yadda take wanke gishiri. In ya shiga ya shiga, sai dai in jini ya zuba, kuma kowace mililita ɗaya ta jini tana tafiya da kusan rabin miligiram.

To, ka je a ɗebi jininka kafin ka sha ƙwaya ko ɗaya. Ka nemi cikakken ƙirgen ƙwayoyin jini da kuma feritin, wato gwajin da ke nuna yawan ƙarfen da jiki ya ajiye a rumbunsa. A takardar, fara duba Hb, wato himogulobin. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce akwai ƙarancin jini in ya gaza giram 13 a kowace desilita ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu (10.5 a watanni uku na tsakiyar ciki). Sai ka gangara kan MCV, wanda ke nuna girman jajayen ƙwayoyin jini. In ƙarfe ya yi ƙaranci, ɓargo yakan ƙera ƙanana, lambar ta sauka ƙasa da 80. Amma kada ka yanke hukunci a nan, don masu gadon talasemiya, wata matsalar jini, su ma ƙwayoyinsu ƙanana ne, ko da rumbunsu cike yake da ƙarfe. Mai sikila kuwa jininsa fashewa yake yi da wuri, ƙarfen na nan cikin jiki, kuma duk ledar jini da aka ƙara masa tana kawo masa miligiram 200 zuwa 250. Ba wa irin wannan mutum ƙwayar ƙarfe ba tare da gwaji ba ƙara wa Barno dawaki ne, kuma hanta da zuciya ne ke biyan bashin.

Feritin shi ne ma'aunin rumbu. In ya gaza maikirogiram 15 a lita, babu gardama, rumbun ya ƙare. Likitoci da yawa suna ɗaukar ƙasa da 30 a matsayin ƙaranci, ni ma haka nake gani, musamman ga macen da gashinta ke zuba, ko take jin ƙafafunta ba sa natsuwa da dare, ko take sha'awar taunar ƙanƙara ko ƙasa. Rumbu yakan ƙare tun kafin Hb ya fara sauka.

Sai dai feritin yana da wani hali da ya kamata ka sani: yana tashi duk lokacin da jiki ke fama da cuta ko kumburi. Mai zazzaɓi, mai ciwon ƙoda, mai ciwon gaɓoɓi na kullum, kana iya ganin feritin ɗinsa 60 alhali ɓargonsa na jin yunwa. Don haka in ba ka da lafiya ranar da aka ɗebi jinin, a haɗa da gwajin CRP, wanda ke nuna ko akwai kumburi a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in akwai kumburi, ƙasa da 70 ga babba ƙaranci ne. Akwai kuma gwajin da ke nuna kashi nawa na tiransferin, wato sinadarin da ke dakon ƙarfe a jini, ke ɗauke da kaya. Ƙasa da kashi 20 cikin ɗari yana nuna ƙaranci, sama da 45 kuma a fara tunanin yawa.

Dalilin duk wannan rikici bai bayyana ba sai farkon wannan ƙarni. Tsakanin 2000 da 2001 masu bincike a Jamus da Amurka da Faransa suka gano wani ɗan ƙaramin sinadari da hanta ke fitarwa, aka sa masa suna hefsidin. A 2004 Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz da abokan aikinsu suka nuna yadda yake aiki. A jikin ƙwayoyin hanji da na saifa akwai ƙofa ɗaya tak da ƙarfe ke fitowa ta cikinta zuwa jini, ana kiranta ferofotin. Hefsidin yana kama wannan ƙofa ya sa a janye ta ciki a rushe ta. In ƙarfe ya yi yawa, hanta ta ƙara hefsidin, ƙofofi su rufe. In ƙwayar cuta ta shigo, nan ma hanta ta rufe ƙofofin, don ƙwayoyin cuta su ma ƙarfe suke nema su hayayyafa. Ranar da na fara fahimtar wannan, takardu da yawa da suka daɗe suna ɗaure mini kai suka warware.

Kuma abin ba a takarda ya tsaya ba. A tsibirin Pemba na Tanzaniya an yi wani babban gwaji da yara sama da 24,000, aka wallafa sakamakonsa a 2006. An ba wasu ƙarfe da folik asid kullum, a wurin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Sai aka ga waɗanda ke sha sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa da kusan kashi 12 cikin ɗari, dole aka dakatar da ba su. Shawarar yanzu ita ce a ba yara ƙarfe a irin waɗannan wurare tare da matakan kariya da maganin zazzaɓin. Kai ma in kana cikin zazzaɓi, a yi maganinsa tukuna.

In an tabbatar da ƙarancin, tambaya ta gaba ita ce ina ƙarfen ya tafi. Ga mace mai haila, galibi yawan zubar jini ne, ko ciki da haihuwa a jere. Ga yaro, girma ne da abincin da bai wadatar ba, ko tsutsar ciki mai shan jini. Amma namiji babba, ko macen da ta daina al'ada, in aka same su da wannan ƙaranci, ina roƙonka kada a sallame su da ƙwaya kawai. Sai an binciki ciki da hanji, domin gyambon ciki, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin, da kansar hanji, duk suna zubar da jini a ɓoye, kaɗan-kaɗan, ba tare da mutum ya gani ba.

Yanzu shan maganin. Duba kwalin ka ga ainihin ƙarfen da ke cikin ƙwayar, don lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe nauyin gishirin ne. Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200 tana da kusan miligiram 65 na ƙarfe, feros gulukonet mai 300 kuma kusan 35. A da sau uku a rana ake rubutawa. Sai masu bincike a Zurik ta Switzalan suka nuna a 2015 cewa shan miligiram 60 ko fiye yana ɗaga hefsidin har kusan awa 24, wato ƙwayar safe tana rufe wa ta yamma ƙofa. A 2017 suka gwada mata masu ƙarancin ƙarfe: masu tsallake rana ɗaya sun tsotsi kusan kashi 22 cikin ɗari na abin da suka sha, masu sha kullum kusan 16. Abin da nake gaya wa mutane ke nan: ƙwaya ɗaya a rana ta isa, in kuma tana tayar maka da zuciya ko ƙulle maka ciki, ka yi magana da likitanka a mayar da ita yau a sha gobe a huta. Mai juna biyu ta bi abin da aka rubuta mata a awo.

Ka sha da safe, ciki babu komai, da ruwa. Shayi da kofi da madara da maganin ƙwannafi suna hana shi shiga, ka ba su tazarar awa biyu. Shi ma ƙarfen yana tare wa wasu magunguna hanya, kamar tetirasaikilin da sifrofuloksasin da maganin maƙoƙo, don haka a raba musu lokaci. Bayan gida zai yi duhu, wannan ba komai ba ne. In ya zama baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, da wari mai ƙarfi, wannan jini ne, ka tafi asibiti a ranar.

Bayan mako uku zuwa huɗu a sake auna Hb. Ana sa ran ya hau da kusan giram 2. In bai motsa ba, ko dai ba a shan maganin, ko jini na ci gaba da zuba, ko hanji ba ya tsotsa, ko kuma tun farko ba ƙarfe ne matsalar ba. A nan ne likita zai duba ko a ba da shi ta jijiya. In kuwa Hb ya daidaita, ka ci gaba da sha wata uku don rumbu ya cika, a sake duba feritin, sannan a daina.

Kwalbar kuma ka ajiye ta a sama, a rufe, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ƙwayoyin suna da launi da santsi kamar alawa, kuma 'yan kaɗan sun isa su illata ƙaramin yaro. Yakan yi amai da gudawa, sai ya lafa kamar ya warke na wasu awanni, alhali hanta na lalacewa. In ka yi zargin ya haɗiya, ɗauke shi tare da kwalbar zuwa asibiti nan take. Akwai makarinsa, ana kiransa deferokzamin, kuma ganin kwalbar zai taimaki likita ya ƙiyasta yawan abin da ya sha.