Yadda za ka sa moter ɗin injin naɗa zaren sandar fatsa ya juya baya

Ƴan'uwa masu haɗa injin naɗa zare a gida, wanda ke juya sandar kamun kifi kana ɗaure zobban da igiyar fatsa ke bi ta cikinsu da zare, matsalar da kowa ke kawowa ita ce moter na juyawa gefe guda kawai, in zare ya hau kan ɗan'uwansa sai ka kashe ka warware da hannu. To kafin ka taɓa waya ko ɗaya duba wane irin moter ne gare ka, don ba duka ake juya su hanya ɗaya ba.

In na batir ne, 12V mai waya biyu, irin na firinta ko na waifar mota da ake samu wurin ƴan gwangwan, wannan ba wuya, musanya wayoyin biyu shi ke nan. Amma wa zai riƙa kwance waya kullum? Je Kasuwar Dole ta Damagaram ko wurin masu gyaran rediyo ka nemi makunni mai ƙafa shida, wanda ke da tsayawa a tsakiya. Kifa shi za ka ga ƙafafu layi biyu, uku uku. Biyun tsakiya su tafi moter, biyun sama su karɓi wuta ja da baƙi, sannan ka ɗauko guntayen waya biyu ka gicciya su, ƙafar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ta sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu. Sama gaba, ƙasa baya, tsakiya tsit. In kana da ɗan akwatin rage gudu to makunnin ya zauna tsakaninsa da moter, kar ka sa shi ta ɓangaren batir, wasunsu in wuta ta shiga a juye ƙonewa suke nan take. Na waifa kuma sau da yawa jikin ƙarfen shi ne waya ta biyu, don haka ɗaure shi kan katako kar ya taɓa wani ƙarfen da ke haɗe da batir.

Moter ɗin keken ɗinki, mai aiki da kuran 220, shi ne ke ruɗa mutane. Juya fulogi a bango ba ya canza komai wallahi. Sai ka cire daga wuta, ka buɗe, ka nemo wayoyi biyu masu zuwa wurin gawayin nan biyu da ke gogar abin da ke juyawa, ka musanya su, ka bar na koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ba ta juyawa, yadda suke. Wasu in sun koma baya tartsatsi na ƙaruwa, gawayin na saurin cinyewa. Ni dai in hannunka bai saba da kuran ba kai wa mai gyara, ɗari biyar ba ta kai rai ba.

Ƙaramin nan na farantin maikirowef mai zagaye 5 ko 6 a minti, in an rubuta CW/CCW a jikinsa, wato yana juya dama yana juya hagu, duk inda ya ga dama yake tashi, kashe ka sake kunnawa har ya bi inda kake so. Shi dama na shanya gam ɗin da ake shafa wa zaren ne, gudunsa ya yi sanyi da yawa ga naɗi.

In duk wannan ya yi maka yawa, murɗa robar da ke jan sandar ta zama kamar lamba 8, sanda za ta koma baya ba ka taɓa waya ba, sai dai robar na gogar kanta tana saurin tsinkewa.

Abu biyu kafin ka gwada kan sandar da za ka tafi da ita tabkin Gidimuni. Bari moter ya tsaya cak a tsakiya kafin ka tura baya, in ba haka ba zare ya fizge. Kuma in bakin da ke riƙe sandar ɗaurin noti ne, juyin baya kwance shi yake a hankali, ƙara noti na biyu ka matse su da juna, ka fara gwaji da guntun kara.