Yadda Ake Kwashe Hotuna da Bidiyo Daga Waya Zuwa Kwamfuta

Fara da samun kebul mai kyau. Wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar fayil, kuma nan mutane da yawa ke maƙalewa.

Jona wayar Android ɗin da kwamfuta, ka cire makullin allonta. Jawo allon daga sama, ka taɓa saƙon USB, ka zaɓi File transfer.

A Windows, shiga This PC, za ka ga sunan wayarka. Buɗe DCIM, sannan Camera, hotunanka suna ciki.

Don Allah kwafa za ka yi, kada ka yanke. Bidiyon biki mai nauyi yakan ɗauki lokaci, kada ka zare kebul sai ya gama. Buɗe wasu ka tabbatar sun shiga lafiya kafin ka goge na wayar.