Darasi na 9: Gajiyar Tsoka da Ɗumin Fata

A ajinmu na yamma akwai wani dattijo mai tura kurar ruwa a Tudun Wada. Jarka goma yake ɗorawa, kowace lita 25, ya yi ta zaga unguwa tun da asuba. Wata rana cikin watan Afrilu ya shigo aji yana ɗingishi.

Ya ce, "Malam, ina da tambaya. Jiya cinyoyina suka yi tsami, yarona ya sayo mini ƙanƙarar leda na ɗora. Wurin ya yi sanyi ƙalau. Amma kafin in idar da la'asar ya koma da ɗumi. Ke nan ƙanƙarar ba ta yi aiki ba?"

Na ce, "Baba, ta yi. Zauna, darasin yau naka ne."

Zafin cikin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Fata ba ta kai haka ba. A ƙirji da ciki takan tsaya wajen 33, yatsun hannu da na ƙafa kuwa sun fi haka sanyi, musamman da hunturu. Ita tsoka murhu ce. Cikin ƙarfin da take ƙonawa lokacin aiki, abin da ke zama motsi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran duk zafi ne. Shi ya sa cinyar mai tura kura, ko ta ɗan ƙwallo, tana iya kai digiri 39.

Jini ne ke kwaso wannan zafi ya kawo shi fata, gumi ya fito, iska ta busar da shi. Haka randa take sanyaya ruwa: yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana ɗauka. Don haka sai ka taɓa damtsen ɗan dako a kasuwar Sabon Gari, ya jiƙe sharkaf da gumi, ka ji sanyi, alhali cikinsa na tafasa. Duk wanda ya taɓa zura yatsa cikin malmalar tuwon da bayanta ya huce ya san abin da nake faɗa.

To, me ke faruwa idan aka ɗora ƙanƙara? Ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin fata sai su tsuke. Cikin 'yan mintoci fatar ta yi sanyi, har ta daina jin taɓi sosai. Tsokar tana can ƙasa, ga kitse tsakaninsu, sanyin ba ya isa gare ta da wuri. Ana ɗauke ƙanƙarar, ɗumi ya taso wa fatar ta fuska biyu: iskar gari daga waje, zafin tsoka daga ciki. Tsokar da ta sha aiki ta fi wadda ta huta zafi, kuma jini ya fi kwarara cikinta, saboda haka yawanci fatar da ke kanta ta fi saurin komawa da ɗumi. Abin da dattijon nan ya ji ke nan. Ɗumin bai nuna ƙanƙarar ta gaza ba, bai kuma nuna tsokar ta warware ba. Tsamin jiki ma yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin da ba a saba ba.

Ga yadda ake yi. A naɗe ƙanƙarar cikin tsumma ko tawul, kada ta taɓa fata kai tsaye. Minti 15 zuwa 20 ya isa. In za a sake, a bari sai bayan awa ɗaya ko biyu. In babu wuta balle ƙanƙara, tsumma jiƙaƙƙe da ruwan randa ma yana taimakawa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗauke ƙanƙara su koma bakin aiki nan take. Sanyi yana rufe zafin ciwo, yana kuma sa tsoka nauyin motsi. Mutum ya ga kamar ya warke, ya ciccibi buhu, ya yi targaɗe. Na san neman abinci ba ya jira, amma a daure a huta, a sha ruwa.

Mai amosanin jini, wato sikila, kada ya kusanci ƙanƙara, domin sanyi na tayar masa da ciwo. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai shi ma ya bari, don fatar na iya lalacewa bai sani ba. Idan kuwa mai aiki a rana ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya faɗi, wannan ya wuce gajiya. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Ko fatarsa na da gumi, kada a tsaya jira.

Karanta ka rubuta: tsoka, fata, gumi, ƙanƙara, ɗumi, jijiya.

Aikin aji: ka ɗaga bokitin ruwa da hannun dama kaɗai, ka sauke, har sai damtsen ya gaji. Abokin zamanka ya ɗora tsumma jiƙaƙƙe a kan damatsan biyu na minti 5, sannan ya cire ya goge ruwan. Ya riƙa taɓa kowanne da bayan hannunsa duk bayan minti ɗaya. Wanne ya riga yin ɗumi? Rubuta amsar a littafinka cikin jimla biyu, ka kawo wa malami.