Kurakuran da ake yi wajen sayen na'urar zuƙe ƙura a Maradi

Dattin ɗaki a Maradi iri biyu ne, kuma wanda bai raba su ba kafin ya shiga kasuwa zai dawo gida da abin da bai dace da shi ba. Akwai yashi, wanda takalma da ƙafafun yara ke kwasowa daga titi da tsakar gida. Nauyi gare shi, nutsewa yake yi can ƙasan kafet. Akwai kuma ƙurar hunturu mai laushi kamar garin tuwo, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu take shigowa ko da an rufe ƙofa da taga. Tsintsiya tana iya wa yashi a kan siminti, amma ita wannan ƙurar tayar da ita kawai take yi, can an jima ta sauko kan gado da kwanuka. Na'urar da ake nema ita ce mai ƙarfin ɗaga yashin, mai kuma iya riƙe ƙurar a cikinta.

Inda aka fi faɗawa shi ne lambar da ke jikin kwali. Mai shago ya nuna maka 2000W ko 2400W an rubuta da manyan baƙaƙe, ya ce, "Alhaji, wannan ko tsakuwa ce za ta haɗiye." Wannan lambar wutar da injin ke sha take nunawa, ba ƙarfin zuƙa ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade na'urorin da ake sayarwa a ƙasashenta kada su wuce wat 1600 a shekarar 2014, ta sake rage shi zuwa 900 a 2017, kuma ba a daina share ɗakuna a can ba. Abin da ke sa zuƙa ta yi ƙarfi shi ne yadda iska ke ratsawa daga baki zuwa tiyo zuwa filta ba tare da ta tsere ta wata kafa ba. Mai wat 800 da aka ƙera da kyau tana iya fin mai 2000 da robobinta ke yoyon iska. Ga kuma kuɗin wuta, ga ƙaramin janareto ko invatar sola da ke durƙushewa, domin injin yana jan wuta fiye da ƙima a daidai lokacin da aka kunna shi.

Maganin wannan kuwa gwaji ne. Ka ƙulla ɗan yashi a leda ka tafi da shi. A zuba a kan guntun kafet, a murza da ƙafa har ya shige, sannan a bi ta kai sau biyu. Ka tura yatsa cikin gashin kafet ɗin ka ji ko saura. Mai shagon da ya ƙi a kunna kaya a gabanka, ka yi masa sai an jima.

Filta ce mutane ba sa ko tambaya, alhali a garin nan ita ce rabin na'urar. Duk iskar da aka zuƙa sai ta fita ta baya. In filtar ba ta da kyau, yashi zai zauna a ciki, ƙurar mai laushi kuma ta fito ta cika ɗaki, har ta fi ta tsintsiya tashi sama. Gidan da ke da mai asma ko jariri, a nemi wadda aka rubuta HEPA a jikinta, wato filta mai tare ƙura mafi laushi. Ajinta na H13 yana tare aƙalla kashi 99.95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin ƙura. Sai dai rubutu kaɗai ba ya isa. Ka buɗe murfin ka duba robar da ta zagaye filtar, ka ga ta zauna daram ko akwai inda ta ɗage. In kana so ka tabbatar, bayan gwajin yashin nan ka shafa yatsa a ramukan da iska ke fita. Ya fito da fari, ƙura na wucewa.

Tambaya ta biyu a nan: ina za a samu wata filtar in wannan ta gaji? Na'urori da yawa da ke jibge a lungun ɗaki lafiyarsu ƙalau, jakar takardar da datti ke taruwa a ciki ce ta ƙare aka rasa irinta daga babbar kasuwa har Sabon Garin Kano. Ko ka sayi jakunkuna da filtar canji a rana ɗaya da na'urar, ko ka ɗauki marar jaka mai filtar da ake wankewa. Ita kuma ta wankewar, da ruwa zalla ake ɗauraye ta, a bar ta ta bushe sarai, aƙalla awa 24. Wadda aka mayar da danshi, ƙura za ta zama laka a jikinta, ɗaki ya ɗauki wari, injin ya wahala. In ka ji na'ura ta yi zafi, ƙararta ta canza, ko tana mutuwa da kanta tsakiyar aiki, kafin a kai wa mai gyara a fara duba filta da tiyo. Sau da yawa toshewa ce kawai.

Sai batun rashin nauyi, wanda shi ke jan uwargida zuwa ga mai batir. Irin wannan doguwar mai kama da sanda kilo 2 zuwa 3 ce galibi, mai taya da ake ja a ƙasa kuma ta ninka haka. Amma ta sandar, inji da batir duk a wajen mariƙi suke, wuyan hannu ne ke ɗauke da su tun daga farko har ƙarshe. Mai taya kuwa ƙasa ke ɗaukar nauyinta, tiyo kawai ke hannu. Hajiya, kada a saya miki ba ki riƙa ba: ki ɗaga ta sama kamar za ki share labule, ki ɗan jima a haka, hannunki zai faɗa miki gaskiya.

Mintunan da ake rubutawa na batir ma a karanta su da hankali. Minti 40 ko 60 ɗin a ƙaramin gudu ne. A babban gudu, wanda shi ke fitar da yashi daga kafet, da yawa ba sa wuce minti 10. Mazubin dattinta kuma bai cika kai lita ɗaya ba. Sannan batirin litiyom ba ya shiri da zafi, ga shi a Afrilu da Mayu muna haura digiri 40. Wanda aka bari yana caji a ɗakin kwano da tsakar rana zai tsufa da wuri. A ganina, gida mai falo shimfiɗe da kafet bango zuwa bango, mai wayar sokawa a wuta ce tasa. Mai batir ta dace da ɗakin tayil, kujeru da mota, kuma tana da ranarta in an ɗauke wuta. A zaɓi wadda batirinta ke cirewa a canza.

Kayan gwanjo sai an juya ƙasansu an karanta. Wutarmu volt 220 ce. Na'urar da aka yi don Amurka 120 take ɗauka, sokawa ɗaya ta ƙone. Wadda ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa kuma sau da yawa fulogin Najeriya gare ta, mai ƙafa uku masu kusurwa, soket ɗinmu kuwa mai ramuka zagayayyu ne. Ƙaramar adaftar roba ba ta jure wutar da wannan inji ke ja, narkewa take yi. A kai wa mai aikin lantarki ya canza fulogin gaba ɗaya.

Saura ɓarnar da ake yi bayan an kawo ta gida. Ruwa ba ya shiga na'urar da ba don ruwa aka yi ta ba, ko shayi ne ya zube. Tokar murhu da ta kaskon turare tana toshe filta nan take, in kuma da garwashi a ɓoye gobara ce. Garin siminti bayan gini ma haka. Buroshi mai juyawa na kafet ne. A kan tabarmar kaba tsinke ta yake yi, sai a kashe shi ko a sa baki marar buroshi. Gashi da zare suna naɗewa a jikinsa har ya daina juyawa, don haka duk mako a cire fulogi, a juya bakin, a bi da almakashi a yanke su. Yashin da ya taru tsibi a bakin ƙofa kuwa a fara kwashe shi da tsintsiya, domin yana cika mazubi da sauri kuma yana goge cikin tiyo.