Yadda Direba Zai Ci Moriyar Mota Mai Fetur da Lantarki a Saudiyya

Irin wannan mota, wadda Toyota ta fara sayarwa a Japan a 1997 da sunan Prius, tana da injin fetur da na lantarki. A cunkoson Jidda ko na Makka injin fetur yakan kashe kansa, batir ya ci gaba da jan motar, kuɗin man da ke fita daga aljihun direba ya ragu. Saboda haka a riƙa taka birki a hankali tun daga nesa, domin a lokacin ne ƙarfin gudun motar yake komawa caji. Abin da na fi jaddada wa 'yan'uwa masu tasi shi ne kafar da iska ke shiga wa batir, kusa da kujerar baya: a riƙa share ƙurarta, kada a toshe ta da kaya, domin zafin ƙasar nan yana rage wa batir kwana.