Yadda ake bin kadin neman izinin gina coci a unguwar zama a Amurka

Ka dawo gida ka tarar da wasiƙa daga hukumar tsara gari, ko ka ga an kafa allo a filin da ke ƙarshen layinku: wata majami'a na neman izinin gina coci, za a yi zaman jin ra'ayin jama'a ranar kaza. Maganar da za a yi ta yi a bakin ƙofa ba ta isa kunnen hukuma. Akwai hanyar da ake bi, kuma lokacinta gajere ne.

Ka fara da rubuta ranar zaman da lambar fayil. A New Jersey doka ta ce a sanar da masu gidajen da ke cikin ƙafa 200 daga filin, aƙalla kwana 10 kafin zama. A Kalifoniya ƙafa 300 ne. Sau da yawa mai gida ake aika wa, don haka in kai ɗan haya ne kada ka zauna jiran wasiƙa. Kai ma kana da bakin magana a zaman.

Daga nan sai ka gano matsayin filin a taswirar gari. Tun 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ƙananan hukumomi ikon ware wuraren zama daban da na kasuwanci da masana'antu. A wasu unguwannin wurin ibada halattacce ne kai tsaye, tsarin ginin kawai za a duba. A wasu sai da izini na musamman mai sharuɗɗa. Wani lokaci kuma sassauci ake nema, misali ginin ya ɗara tsayin da aka ƙayyade. Ka tambayi ma'aikacin ofishin wanne ne daga ciki, domin kowanne da ma'auninsa.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali nan aikin yake. Ka nemi fayil ɗin ka duba zanen da idonka. Kujeru nawa ne a ɗakin ibada, kuma gurbin ajiye mota nawa aka tanada? Ƙofar shiga babban titi take kallo ko ɗan layin da yara ke hawa keke? Ina fitilun harabar za su haska da dare? In an malala kwalta a filin da a da ciyawa ke shanye ruwa, ina ruwan saman zai bi? Sannan ka tambayi abin da za a riƙa yi a sauran ranakun mako: addu'ar yamma, makaranta, renon yara, bukukuwan aure. Ranar Lahadi da safe ka tsaya a bakin titin ka ƙirga motocin da ke ajiye, ka ɗauki hoto. In an yi ruwa ka fita ka ga inda yake kwanciya. Hoto guda na magudanar da ta toshe ya fi mutum ashirin masu cewa "ba ma so" nauyi a gaban hukuma.

Akwai kuma iyakar da ya wajaba ka sani. Hukumar ba ta da hurumin duba aƙidar masu nema. A 1997 wani cocin Katolika a garin Boerne na Teksas da aka hana faɗaɗa gininsa ya sha kaye a Kotun Ƙoli, kuma bayan haka ne majalisar dokokin Amurka ta yi dokar kare wuraren ibada da ake kira RLUIPA, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a shekarar 2000. Dokar ta hana ɗora wa wurin ibada nauyi mai tsanani ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ta hana fifita zauren taron da ba na addini ba a kansa, ta kuma hana bambanci tsakanin addinai. Garin Bernards na New Jersey ya ɗanɗana: bayan zama 39 ya ƙi amincewa da wani masallaci a 2015, ya nemi gurbin mota 107 alhali ma'aunin da ake yi wa coci 50 zai bayar, daga ƙarshe ya biya dala miliyan 3.25 a 2017. Dokar da ta tsaya wa masallacin nan ita ce ke tsaya wa cocin layinku, ni kuwa ina ganin haka ya dace. Wanda ya miƙe ya soki addinin masu nema ya zalunce su, ya kuma miƙa wa lauyansu hujja.

Saboda haka, kafin ranar zama ka je ka sami fasto ko kwamitin ginin. Su ma maƙwabta suke shirin zama, kuma yawancin damuwa a nan take warwarewa: shingen itatuwa tsakanin harabarsu da gidaje, fitilu masu kallon ƙasa, lokacin rufe taro da dare, mai ba da hannu ranar babban biki, yarjejeniyar aron filin mota na wata makaranta da ke kusa. Duk abin da kuka daidaita a kai, ku nemi a rubuta shi cikin sharuɗɗan izinin. Fasto na iya canjawa, ginin ma ana iya sayar da shi, amma galibi sharaɗin yana bin filin.

Ranar zama ka miƙa rubutacciyar takarda don ta shiga fayil. Yawanci minti uku ake ba kowa, don haka ku raba batutuwa: wani motoci, wani ruwa, wani fitilu. Ka faɗi sunanka da layinku, ka ambaci sashen dokar da maganarka ta shafa, ka faɗi gyaran da kake nema ƙarara.

In hukuncin bai yi maka ba, ƙofar ɗaukaka ƙara ba ta daɗewa a buɗe; a garuruwan jihar New York kwana 30 ne daga ranar da aka shigar da hukuncin a ofishin magatakarda. Kotu kuma abin da ke cikin fayil take dubawa. In an amince, ka karɓi kwafin sharuɗɗan ka adana, da shi za ka je ofishin in wata rana aka saɓa.